Katuna Uku da Gaisuwar Makaɗin Ceberu

Ana fitowa daga sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin tafiyata, wanda sana'arsa gyaran kayan lantarki ce. A kujerar baya akwai kwalin takalmi, cikinsa katuna uku, kowanne a naɗe da tsumma. Alluna ne masu faɗin tafin hannu, irin waɗanda ake cusa wa tsohuwar kwamfutar gida a ciki don su ƙara mata gudu da ƙarfin ɗaukar aiki. Biyu tsofaffi ne, kwance daga Turai. Na ukun sabo ne, irin wanda masu sha'awar tsofaffin injuna suke haɗawa a yanzu. Abin da suka ci ya isa sayen ragon layya, kuma babu wanda ya zo da alkawarin zai yi aiki.

Saboda Baba Inji muka yi tafiyar. Shi ne injiniyan gidan rediyon da na fara aiki. A shekarun casa'in ya zagaya ƙauyukan Gwandu da rikoda a kafaɗa, yana ɗaukar makaɗan noma da waƙoƙin masunta da masu busa sarewa a ruga. A zamanin kaset yana da wuya, don haka da zarar an sa shiri ya fita, sai a share a ɗora wani. Baba Inji ya riƙa juye abin da ya ɗauko cikin kwamfutarsa ta gida kafin ya mayar da kaset. Duk an share kaset-kaset ɗin nan, kuma yawancin masu muryoyin sun rasu. Abin da ya rage yana cikin faifai guda, a cikin injin nan, a ɗakinsa a Gwandu. Manhajar da take kunna sautin ba ta tashi sai da katin ƙarin gudu, nasa kuwa ya daɗe da mutuwa. Yanzu idonsa ya yi rauni, kuma ya yi wa iyalan mutanen alkawarin zai mayar musu da muryoyin iyayensu kafin ya bi su.

Hanyar Tambuwal tana da wuraren da direba yake sakin jiki, tana da wuraren da sai ya zaɓi ramin da ya fi sauƙi. Duk lokacin da muka faɗa guda, abokina sai ya waiwaya ya dubi kwalin. A Aliero warin albasa ya riga garin tarar mu, buhuna jibge a bakin titi, manoma suna cewa bana ba ta yi kuɗi ba, masu saye suna cewa ta yi tsada. Mun karya da waina da miyar taushe a Jega, muka ɗauki hanyar Kalgo rana ta fara ɗagawa. Bazara ce. Tun hantsi iskar da take shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take fitowa.

A Kalgo akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki da yake da kwamfuta irin ta Baba Inji, wadda a da yake rubuta sunan ango da amarya da ita. Ƙa'idar aikinmu ce ba a fita da abu sai an yi gwaji, don haka muka ce a kan tasa za mu fara, kada mu taɓa ta Baba Inji mai faifan sai mun san katin da ya dace. Ya ciro ta daga ƙarƙashin kantar shagonsa yana kakkaɓe mata kashin ɓera. Jikinta da madannanta a haɗe suke, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma da talabijin ake jona ta. A ƙasanta akwai ƙaramar ƙofa inda kati yake shiga.

Da na gaishe shi ya yi dariya ya ce, "Malam, Hausar rediyo taka yi. Mu nan sai ka sassauta muna."

Kati na farko bai ce komai ba. Allon talabijin ya tsaya baƙi, muka cire muka goge haƙoransa, muka mayar, ya sake tsayawa baƙi. Na biyu ya tashi, injin ya gan shi, ya yi gudu sosai, amma bai jima ba ya ɗauki zafin da yatsa ba ya iya zama a kansa, komai ya daskare. Mun maimaita, bai sake hali ba. Na ukun, sabon, shi ya sa muka yi ajiyar zuciya. Abokina ya ɗora masa aiki mai nauyi, ya bar shi yana ta juyi tun azahar har la'asar ta wuce, bai ko yi tuntuɓe ba. Muka ci tuwon shinkafa da kifi a wata rumfa kusa da tasha, kifin ƙanana, mai abincin tana ba da haƙuri wai ruwa ya ja baya. Na tambayi mai shagon ko zai ba mu aron injinsa zuwa Gwandu, ya ce abin da bai fita shago ba tun aurensa na fari ba yau zai fita ba. Ban matsa ba, don a ganina mun riga mun sami abin da muka zo nema. Muka kwana a Birnin Kebbi.

Washegari muka bi ta Ambursa. Gonaki a share suna jiran ruwa, shanu a tsaye ƙarƙashin gawo haƙarƙarinsu a waje. Babura sun fi motoci yawa, kowanne ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa. Gidan Baba Inji yana cikin gari, lungun da mota ba ta shiga. Mun same shi a zaure bisa tabarma. Ya gane ni da murya kafin na ƙaraso.

"Mai labarai, kai na? Kun taho da su?"

Na ce mun zo da su, Baba, kuma ɗaya ya ci jarrabawa a Kalgo.

A gefensa akwai wani magidanci, Mamman, manomi daga Ceberu. Mahaifinsa makaɗin gangar noma ne, ya rasu Mamman yana goye. Baba Inji ya aika masa tun shekaranjiya cewa yau zai ji ubansa. Ya zo da babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Abokina ya fara da abin da hankali ya ba shi. Ya cire faifan a hankali, ya jona shi da kwamfutar hannunsa don ya kwashe komai gaba ɗaya. Faifan ya yi gurnani ya juya, amma kwamfutar zamani ba ta gan shi ba, ya tsufa da yawa ga wayar haɗin da muka zo da ita. Ya mayar da shi mazauninsa, ya sa sabon katin, ya kunna. Allon talabijin ya yi wani launi ya tsaya. Ya kashe, ya gyara zaman katin, ya kunna. Haka dai. Da ya buɗe cikin injin ya haska da tocila, sai ya nuna mini lambar da take jikin babban allon cikinsa. Sunansu ɗaya da na Kalgo, kamanninsu ɗaya, amma ƙirar cikin ta bambanta, wannan ya girme wancan. Katin da ya wuni yana aiki jiya, a nan ko sallama bai amsa ba.

Na ce to mu ɗauki faifan mu koma Kalgo da shi. Abokina ya girgiza kai, ya ce in kasa kunne. A tashin ƙarshe faifan ya yi wani ƙas-ƙas kafin ya kama juyi. Ya ce wannan ƙarar ya san ta, faifan da ya fara ta ba ya kai ramukan Ambursa. Duk abin da za a yi a yi shi nan, kuma kowace kunnawa ana cire ta ne daga 'yan kaɗan da suka rage.

Sai muka koma kan kati na biyu, mai zafin nan. Ya shiga, injin ya karɓe shi, manhajar ta buɗe. Sunayen ƙauyuka suka jeru a allon talabijin, Dalijan, Ceberu, da wasu da yawa har ƙasa. Baba Inji ba ya ganin su, amma da na fara karanto masa sai ya riƙa ƙarasa mini. Hanya ɗaya ce ta fitar da sautin: a kunna shi ya fito ta lasifika, a ɗauka da waya, daga farko zuwa ƙarshe, yadda aka rera shi. Abokina ya gwada tsallakawa gaba a wani sautin, take injin ya daskare. Wato babu tsallake. An aika kasuwa aka sayo ƙanƙara, aka zuba a kwano gaban fanka mai caji, aka ɗaga injin bisa bulo biyu iska tana ratsa ƙasansa. Ban taɓa ganin majinyacin da aka yi wa hidima irin wannan ba.

Aka tambayi Baba Inji wanne za a sa. Ya juya inda Mamman yake ya ce, "Na Ceberu."

Lasifika ta yi shuu, aka ji kaji da muryoyin mata daga nesa. Sai murya ta fito, kakkaura, ba gaggawa a cikinta.

"Salamu alaikum. Jama'a, an kwan lahiya? Ina gajiya?"

Mamman ya ce, "Lahiya lau," kafin ya ankara. Ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba.

Makaɗin ya gaishe da mai gari. Ya gaishe da liman da na'ibinsa. Ya gaishe da sarkin noma, ya tambayi gidansa. Ya gaishe da baƙi mutanen rediyo, ya yi musu sannu da hanya, ya ba su haƙurin ƙarancin abinci. Ya shiga gaishe da dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa. Yana cikin haka sautin ya maƙale a kan kalma guda, ya yi ta nanata ta, sannan ya ɗauke. Katin ya yi zafi.

Muka jira ya huce. Aka ƙara ƙanƙara, aka rufe taga, abokina ya ɗora wani ƙarfe a bayan katin don ya ja zafin. Da aka kunna, faifan ya yi ƙas-ƙas ya fi na ɗazu daɗewa, sannan ya kama. Muka sake daga sallama, don babu yadda za a yi. Mai gari, liman, sarkin noma, baƙi. Wannan karon ya wuce dattawa, ya gaishe da mata masu kai abinci gona, ya yi wa wata tsohuwa ba'a aka yi dariya. Ina kallon abokina yana taɓa katin yana janye yatsa. Makaɗin ya ce, "To, da izininku." Ya gyara murya. Aka ji ya buga gangar sau ɗaya, yana jin ɗaurinta.

Nan ya tsaya.

A kunnawa ta gaba faifan bai juya ba. Ƙas-ƙas ɗin kawai, kamar agogon bango, har abokina ya kashe. Ya bar shi ya huce ya sake gwadawa, ya juya shi ta gefe, ya ɗan buga shi da yatsa. Daga baya ko ƙarar ma ta daina. Ya ce akwai masu buɗe irin wannan a ƙasashen waje, amma da tsufan faifan da irin ƙarar da ya yi, ba zai yaudari dattijo ba.

Ƙanƙarar duk ta narke a kwano. Can Baba Inji ya ce, "A rediyo yanke gaisuwa mukai, mu fara daga kiɗi. Ni da niz zo juyewa sai nic ce mutum ya gaishe ka, ba ka yanke mai baki ba. Duk haka nib bar su. Dukkansu."

Na ce masa ai bai yi laifi ba. Ya ce bai ce laifi ba ne, faɗa mini kawai yake yi.

Mamman ya miƙo wayarsa aka tura masa abin da muka ɗauka. Ya yi godiya sosai, har na ji kunya. Da ya kai ƙofar zaure ya juyo ya tambayi Baba Inji, shin waƙar da uban nasa ya yi a ranar, ya tuna ko da baiti ɗaya? Baba Inji ya daɗe yana motsa baki. Ya ce ya tuna tana da daɗi.

Aka kawo mana fura da nono, mai kyau, irin wadda ba a samu a birni. Mun sha don kada a ce mun ƙi. Baba Inji ya ce mu bar masa injin inda yake, mu rufe shi da zanensa. Ya ce sauran iyalan shi zai aika musu da kansa, kada mu damu. Ban tambaye shi me zai ce musu ba.

Mun iso Sakkwato ana kiran magariba, katunan uku a kwalinsu. Ga mai son sakamakon gwaji, ga shi a taƙaice: na farko matacce ne, sabon yana da juriya amma bai dace da kowace ƙira ba, na biyun ya dace amma ba ya jure zafinmu. Gwajin da aka yi a kan wani injin ba shaida ba ne a kan naka, ko da sunansu ɗaya. A duba lambar allon ciki kafin a sayi kati, kuma a fara neman hanyar kwashe faifai tun yana da ƙarfi. Wanda yake da tsohon kaset ko faifai da muryar wani a ciki, ya juye shi yau. Mu mun zo a makare da shekaru, ba da kwana ɗaya ba.

Da na shiga gida na kunna abin da muka samo, na saurara har bugun gangar nan guda. Bayansa wayar ta ci gaba da ɗauka na ɗan lokaci, babu komai sai fanka. A aikinmu an koya mana cewa shiru shi ne babban aibi, in waƙa ta yanke sai mai gabatarwa ya yi maza ya cike gurbin da magana. Na zauna da wayar a hannu, na bar shi haka har ɗaukar ta ƙare.