Mai Hoto da Hazon Fadama

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai faci. A ciki akwai benci, da farin ƙyalle a bango, da madubi da mataji don masu hoton fasfo. Kowa Mai Hoto yake ce masa, har matarsa. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa.

Na san shi ne bayan rasuwar 'yata. Na kai masa ƙaramin hotonta na katin makaranta don ya faɗaɗa mini. Ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko ya goge tabon da ke haɓarta. Na ce a bar shi. Ya ce haka ya fi.

Ina zaman jira na lura babu hoton amarya ko ɗaya a bangon shagon. Duk hotunan na fadamar bayan gari ne da sassafe: dogayen ciyayi rabinsu a cikin hazo, ganyen bado a kan ruwa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Babu mai saye. Ya ce wani ya taɓa tambayarsa ko hotunan sun lalace ne wajen wanki.

Da keke ya fara sana'ar, yana bin gida-gida. Ya yi zamaninsa a wuraren biki, har wayar hannu ta zo kowa ya zama mai hoton kansa, aka bar masa fasfo. Da fasfon ya ciyar da gida, ya aurar da yara. Fadamar kuwa tasa ce shi kaɗai. In an yi ruwa da yamma, gari ya washe, iska ta kwanta, ya san gobe da hazo. A baranda kyamararsa take kwana, domin in ta fito daga ɗumin ɗaki zuwa sanyin fadama gilashinta gumi yake yi, kafin ya bushe rana ta fito.

Matsalar idonsa ce. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe su, aiki ake bukata. Ya ƙi, saboda an yi wa wansa irin wannan aikin ya fito ido ɗaya ba ya gani. Da ya afka kwalbati da babur wata safiya, matarsa ta karɓe makullin. Ni kuma tun rasuwar ba na iya komawa barci bayan asuba, sai na ce zan riƙa kai shi a mota.

"Malam, kai ma biye masa za ka yi?" in ji matar, tana miƙo masa takalmin ruwa. "Mutumin da jiya ya gai da tulin buhuna a ƙofar gida?"

"Sun fi ki amsa gaisuwa," in ji shi.

"To, Allah ya kiyaye. In ya faɗa ruwa, kyamarar za ka fara cirowa, ita ce uwargidan."

Haka muka yi damina guda. Nakan ajiye mota inda kwalta ta ƙare, mu taka cikin laka, shi da kyamara a wuya, ni da sandarta mai ƙafa uku. Sauro ya ci mu, gwiwoyinsa su yi ta ƙara. Ba ma yawan magana, kuma na gode masa da hakan. Sau da yawa hazon ba ya zuwa, mu juyo a gajiye, ya je ya buɗe shago ya wuni yana cewa, "Ɗaga haɓa kaɗan. Daina ƙifta ido."

Wata safiya a ƙarshen damina, iska ta kwana tana kaɗawa. Na san a banza za mu je, amma ya aiko a ce mini ya shirya. Muka isa gari ya waye tangaran. Ina hango bishiyoyin ƙetaren ruwa ɗaya bayan ɗaya, har da wata mata da ke wanki a can.

Ya kafa kyamara, ya sa ido, ya ja numfashi.

"Kai, Malam! Yau hazon ya sauka da kyau. Dubi yadda ya cinye ƙetaren can gaba ɗaya."

Ya ɗauka, ya gyara, ya sake ɗauka. Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Zan iya yin shiru. Amma gobe shi zai taka bakin ruwan nan, yana zaton abin da ya tare masa gani zai watse in rana ta ɗaga.

Na ce, "Yaya, babu hazo yau."

Bai ɗago ba.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Akwai mata a ƙetare tana wanki. Baho shuɗi ne a gabanta."

Ya miƙe a hankali, ya goge gilashin kyamarar da gefen riga, ya sake leƙawa. Ya murza idanunsa da bayan hannu, ya dubi ƙetaren. Sannan ya nemi wani kututture ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa.

"Na makon jiya fa?"

"Na makon jiya hazo ne na gaske."

"To, alhamdu lillahi."

Muka zauna har rana ta fara zafi. Ni na naɗe sandar, shi ya rufe kyamarar ya sa a jaka. A hanyar komawa mota ya riƙe kafaɗata, abin da bai taɓa yarda ya yi ba.

Da muka kai mararraba na sa sigina zan karya hanyar gidansa.

"Miƙe," ya ce. "Asibitin ido."

"Da lakar nan a ƙafarka?"

"In na shiga gida na cire takalmin nan, ba zan fito ba. Na san kaina."

A asibitin, layi ya riga ya kai baranda. Na samo masa wuri a ƙarshen benci, ya zauna da jakar a cinyarsa, ya jingina kai da bango ya lumshe ido.

"In an kira ni ka tashe ni," ya ce. "Kuma kai za ka gaya wa matata. Ba ni da ƙarfin jin 'ai na faɗa' yau."