Aikin da Ba a Ga Tabonsa Ba

Ko zan manta ranar aurena, ba na jin zan manta safiyar da Baba ya yi wa yayana ƙaho a zauren gidanmu na Urafane. Shekarar nan ce da damina ta gaza, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai.

Yayan nawa shi ne ɗan fari, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tasawa. Baba kuwa wanzami ne, aski da ƙaho duk garin shi ake nema. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya faɗi sunan Yaya ba, saboda kunyar ɗan fari. In zai yi zancensa sai ya ce "wancan na lakwal". Shi ma Yaya, in Baba ya shigo, kansa na ƙasa har ya fita.

Faɗuwa a babur ce ta sa aka ɗauki hoton kansa a Yamai. Faɗuwar ba ta yi ɓarna ba, amma hoton ya nuna wata jijiyar jini a cikin kan ta yi ɗan kumburi, bai kai ƙwayar wake ba. Bai fashe ba, sai dai likitoci sun ce inda yake ba wurin wasa ba ne. Da yake ma'aikacin gwamnati ne, aka fitar da shi waje aka yi masa aiki.

Da suka dawo na je Tasawa taya su zama. Matarsa ce ta ja ni ɗaki ta yi mini bayani, tana magana ƙasa-ƙasa. "Ba su tsaga kan ba hwa. Ta matsematsi suka shiga." Ta ce wani siririn bututu aka zura ta jijiyar da ke can, aka bi da shi har cikin kai, aka cika kumburin da lallausar waya, aka tare bakinsa da 'yar raga. Sannan ta nuna mini ƙwayoyin da yake sha kullum don kada jini ya daskare a wurin. "Likita ya ce ko aski za a yi mashi, a yi a hankali. In ya yanke, jinin bai tsayawa da wuri."

Na ji, na kuma gane. Wannan shi ya sa har yau ba na ɗora wa kowa laifin sai kaina.

Bayan sati biyu muka kawo shi gida a gan shi. Mutane suka cika zaure, kowa ya zo hannu rabbana, don shekarar ba mai abin kawowa. Baba ya matso, ya cire wa Yaya hula, ya bi kan da yatsunsa daga goshi har ƙeya. Sumar na nan yadda take.

"Ina aka yanka?" Ni ya tambaya, ba shi ba.

"An yi aikin, Baba," na ce.

"Na ji. Ina wurin?"

Na dubi matar Yaya, ta dubi ƙasa. Da wane baki zan ambaci matsematsin yayana a gaban ubana da dattawan unguwa? Maganar ƙwayoyin ma na haɗiye ta, don na san in na taɓo ta sauran zai biyo baya.

Baba ya mayar da hular. "Tun ban yi gemu ba nake riƙe da aska," ya ce. "Ban taɓa ganin aikin kai babu tabo ba. Sun ba shi barci dai, sun sallamo shi." Abin da ya ƙara masa ƙarfi, Yaya na ɗan fama da ciwon kai a kwanakin.

Kwana uku bayan haka na fito da kunu da safe, na tarar da Yaya zaune a kan tabarma ya sunkuyar da kai, zabirar Baba a buɗe gefensa. An riga an tsattsaga ƙeyar, an kafa ƙaho. Yaya ya san haɗarin sarai, amma bai iya ce wa Baba a'a ba.

Da Baba ya cire ƙahon ya goge wurin, jini ya sake fitowa. Ya goge, ya sake fitowa. Ya shafa maganinsa, jinin ya wanke shi ya gangara bayan riga.

Ban san sa'ad da na ajiye kwanon ba. Na cire ɗankwalina na danne wurin da ƙarfi, na ce, "Baba, magani yake sha mai hana jini tsayawa! Ta matsematsi aka yi mashi aikin, tabon na can!"

"Mi ya hana ki hwaɗa mani?"

Muka ɗora Yaya a amalanken maƙwabci. Jakin ya rame da yunwar shekarar, tafiya yake kamar ba zai kai ba, sai Baba ya sauka yana turawa ta baya. A hanya Yaya ya fara lumshe ido. Nan Baba ya saki amalanken, ya riƙe fuskarsa, ya kira sunansa da ƙarfi har sau uku a tsakiyar hanya, mutane na ji. Yaya ya buɗe ido ya ce, "Na'am, Baba."

A asibitin garin, majo, wato babban mai jinya, ya danne wurin ya ɗaure, da ƙyar jinin ya tsaya. Ya yi mana faɗa son ransa.

Yaya na nan da ransa, yana koyarwa. Tabon matsematsin ya ɓace tuni, na ƙeyar ne ya zauna. Abin da na koya shi ne, maganar lafiya ba a jin kunyar faɗinta, ko a gaban wa. Kalma ɗaya na kasa furtawa a zaure, saura kaɗan Baba ya kira sunan ɗansa ba a amsa ba.