Motar da ta daina durƙuso

Ina kwance ƙarƙashin jif ɗin maƙwabcina Baffa Hammadu a Majidaɗi, sifana a hannu, sai na ji ya ce, "Ɗana, tsaya tukuna."

Irin motar nan ce mai balan-balan na iska a ƙafafu maimakon sifirin. Sun tsufa suna yoyo, kullum da safe sai a tarar ta zube ƙasa. Ni na matsa masa mu cire su mu sa sifirin a gida ya huta. Saura ƙafa ɗaya mu gama.

Na leƙo. "Lafiya, Baffa?"

"In mun gama, motar zai sake durƙusa?"

Na yi dariya. "Ai abin da muke magani ke nan. Har abada!"

Shi bai yi dariya ba. Ashe akwai maɓallin da yake dannawa ta sauko, saboda matarsa Dada mai ciwon gwiwa. Da haka take iya shiga in zai kai ta asibiti. Ni da rawar kaina ban tambaya ba, kuma mun riga mun tsaga balan-balan ɗin.

Haka muka ƙarasa aikin.

Jiya na ga ya ciro kujera 'yar tsugunno daga but ɗin baya, ya ajiye bakin ƙofar motar, ya durƙusa ya riƙe ta har Dada ta taka ta shiga.

Motar ta daina durƙuso, mai ita ya karɓa. Ku fa, kun taɓa gyara wa mutum abu kafin ku tambaye shi?