Ruwan Zafin Bayan Katanga

A unguwarmu ta gefen Garwa, ta wajen hanyar da manyan motocin Ngawundere ke shigowa, babu macen da ta haihu a shekarun nan da ba ta bi ta hannuna ba. Ni ba ungozoma ba ce. Ruwan zafi nake rabawa.

Bayan gidana akwai katangar wani ƙaramin kamfani mai yin takardar tishu, wannan mai laushi da ake goge hannu da ita. Ta ƙasan katangar wani bututun ƙarfe ya leƙo, kuma muddin injin na aiki, ruwa na zuba daga bakinsa yana tururi, zafin da in ka sa yatsa sai ka ambaci sunan Allah. Da can kwata yake bi ya tafi a banza. Ni na fara tara masa bokiti. Ba ma sha, don yana da ƙarnin ƙarfe, amma wanki da wankan jego, sai hamdala. In mace ta haihu sai a aiko mini, in ce wa masu wanki su ja da baya, mai jego ce gaba. Ba wanda ya naɗa ni. Bakina ne ya naɗa ni.

Mutum ɗaya ce bututun nan ya hana sakat, wata Kirista 'yar duwatsun Gider mai sayar da itace a bakin titi. In ta wuce da kaya a ka sai ta ɗaga murya: "Hajiya Sarkin Ruwa, yau ma kin kashe mini kasuwa?"

In ce, "Je ki kai ƙarar bututu, Madam, ni 'yar aike ce."

Autana a cikin kamfanin yake aiki, shi ke kula da tukunyar tururi. Matarsa marainiya ce daga Tinyer, ga cikin fari, ga wata ya kama. Ba ta da uwar da za ta je wa wankan gida, wankanta a wuyana yake. Na riga na cika baki a unguwa cewa yarinyar nan za ta gasu gasuwar da ba a taɓa yi wa wata ba.

Ran nan da la'asar, farkon damina, auta ya dawo ya zauna a kan turmi, na ajiye masa tuwo bai taɓa ba.

Ya ce, "Inna, za a rufe bututun."

"Wane bututun?"

"Naki."

"Wane marar tsoron Allah ne ya kawo wannan shawara?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Inna."

Washegari da hantsi na yafa mayafi na nufi ƙofar kamfanin. Mai gadi ya tare ni da Faransanci, na ba shi amsa da Fulatanci, muka ƙare da Hausa, ya buɗe. Shekara da shekaru ina jin kukan injin nan ta bayan katanga, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar.

Wata gangar ƙarfe ce, ta fi ni tsayi nesa ba kusa ba, tana juyawa. Takardar kuwa ashe da ruwa-ruwa take farawa, kamar kunun da aka cika wa ruwa. Sai a matse ta, a manna ta a jikin gangar, kafin gangar ta gama zagayowa ta bushe, wata doguwar wuƙa ta kankare ta kamar yadda ake ɗaye ƙanzo daga gindin tukunya. Amma a gefe na ga tsibi guda na takarda jiƙaƙƙiya, ta yayyage, mutane na kwashewa fuska ba walwala.

Auta ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda ƙara. "Tururi ne a cikin gangar, Inna, shi ke gasa ta. In ya huce sai ya koma ruwa ya kwanta a ciki, gangar ta yi sanyi, takarda ta ƙi bushewa. Shi ne muke buɗe famfo mu kore shi waje, da ruwan da tururin duka. Abin da kike tarawa ke nan."

Na ce, "To ai kun huta, mun huta."

"Ba mu huta ba. Zafin da kike ɗiba, tukunya sai ta sake dafa wani daga ruwan sanyi. Mai kamfani ya ce ya gaji, in ba a gyara ba zai tsayar da injin. Ni na roƙe shi ya kawo injiniya daga Duwala. Za a sa sabon bututu a cikin gangar mai zuƙe ruwan, a mayar da shi tukunya da zafinsa, a naɗe sauran bututan kada su riƙa zubar da zafi."

Yana nuna mini bututan hannun rigarsa ya zame. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk tabon ƙuna ne, tsoho da sabo. Ashe shi ya sa yaron nan ba ya rabo da riga mai dogon hannu ko a zafin bazarar Garwa. Ni da na haife shi ban sani ba.

Ya ga inda idona ya tsaya, sai ya yi sauri ya ja rigar. Ya ce, "Akwai wani ɗan famfo a baya. Zan iya barinsa a buɗe kaɗan har mai ɗakina ta haihu ta gama wanka. Ba wanda zai sani."

Na dube shi. Ya kawo gyara da bakinsa, kuma zai huda shi da hannunsa saboda ni, ranar da aka gane kuwa shi za a nuna wa ƙofa. Na ce, "Rufe shi ruf. Kafin a yi bututu, da me na yi wankan haihuwarka?"

Aka yi aikin, bututu ya ƙafe. Wasu matan suka daina gaishe ni, kamar ni na shanye ruwan. Ba a yi nisa ba yarinyar ta sauka, mace, lafiya lau. Ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, itacen da ke gidana duk ya jiƙe, sai hayaƙi da hawaye. Ranar farko da ƙyar na samu ruwan ya yi ɗumi. Na tsoma ganyen darbejiya na watsa mata, ta ce, "Inna, ya yi zafi." Ƙarya take, don kada in ji kunya.

Busasshen itace wuri ɗaya yake a unguwar, ƙarƙashin rumfar Madam. Na wuce ta gabanta kamar mai zuwa wani wuri, na dawo na sake wucewa.

Ta ce, "Hajiya Sarkin Ruwa, wa kike nema? Ko rawanin ne ya faɗi?"

Na ce, "Madam, jini ne a jikin yarinya, kuma ba ta da uwa."

Ta miƙe tsaye. Ta shige can ƙuryar rumfar, inda take ɓoye na kirki, ta ɗauro dami ta aza a kanta. Na kai hannu ga bakin zanina ta harare ni. "Wannan na barka ne. Na gobe kuwa za ki saya, kuma sai kin gaishe ni da kyau."

Ita ta hura wutar da kanta, don ta ce hannuna ya manta. Ruwa ya tafasa a rabin duro, na tsoma ganye na watsa, yarinyar ta saki ihun da ya tashi jaririya. Madam ta leƙo ta kan zana tana dariya: "Yawwa, wannan shi ne wanka!"

Yarinyar ta gama wankanta garau, ƙafa ba kumburi. Injin yana nan yana kuka a bayan katanga, auta kuma ya fara sa riga mai gajeren hannu. Bakin bututun zanzaro ya yi gini a ciki. Kullum da safe nakan wuce shi in tafi rumfar Madam, in gaishe ta da kyau, ita kuma ta ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa murabus."