Doña Herlinda, Mai Karya Masana'antu Don Su Tsaya

Kafin Doña Herlinda Zermeño ta shiga ofishinta a kwalejin sana'a ta birnin León, sai ta fara biyawa ta unguwar majema. Takan tsaya ta sha kunun masara a bakin titi, kunnenta na wajen hirar dukawa: wa ya samu ciniki, wa fata ta yi wa tsada, wa ya sallami ma'aikata. Da wannan guzurin take isa gaban kwamfutarta.

A kwalejin akwai wani wasan kwamfuta da ake koya wa ɗalibai dabarun tafiyar da masana'antar takalma da shi. Ɗalibi zai zama mai kamfani, ya sayi fata, ya ɗauki ma'aikata, ya zaɓi wanda zai sayar wa, sannan ya ga abin da zaɓinsa ya haifa. Injiniyoyi ne suka gina wasan, amma duk abin da ke cikinsa, daga labarai da farashi har masifun da ke faɗa wa ɗalibi, aikin Herlinda ne. Ita ke zuba sabo, ta cire wanda ya tsufa. Shekara ashirin tana wannan, ba sunanta ko a gefen allo.

Ɗalibai kuwa ba su ƙaunarta da farko. Wata shekara suka kai ƙara cewa wasan ya cika mugunta, shugaban kwalejin ya kira ta.

"Malama, ki ɗan sassauta mana. Yaran nan kullum karyewa suke yi."

"Ranka ya daɗe, ai dalilin wasan ke nan," in ji ta. "Gara su karye a nan, inda karyewar ba ta hana kowa cin tuwo."

Bai sake ta da maganar ba.

Labarin da ɗalibai suka fi tsana shi ne na babban ɗan kasuwa daga ƙetare, wanda zai zo ya ce zai saye duk takalman kamfani, muddin an rabu da sauran masu saye. Ba daga kanta ta ƙago shi ba. Wani dattijo ne ya rasa masana'antarsa ta wannan hanya, kunya ta sa ya daina fita. Herlinda ta yi ta sintiri gidansa har ya yarda ya ba da labarin, ita kuma ta yi masa alkawarin ɓoye sunansa. Har yau ba wanda ya ji shi daga bakinta.

Rosaura Villagrán na cikin waɗanda labarin ya kayar. Bayan ta gama karatu mahaifinta ya rasu, ya bar mata masana'anta mai ma'aikata arba'in. Ba a jima ba sai ga baƙo daga ƙetare da irin wannan tayin, sak. Maƙwabta suka yi ta rububin sa hannu. Kawunta Don Fidencio, wanda ya tsufa a kan teburin yankan fata, ya ce ta yi maza.

"Kawu, na taɓa karɓar irin wannan, na karye."

"A ina kika karye? Ke da ko allura ba ki gama iya riƙewa ba?"

"A wasan Doña Herlinda."

"Wasa! Arziki na ƙwanƙwasa ƙofa, ke kina ba ni labarin wasan yara? Da ubanki na nan da ya sha kunya."

Maganar ta yi mata zafi, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Amma da ta fito, sulusin kayanta kawai ta yarda ta ba baƙon, ta riƙe ƙananan shagunan da suka saba da mahaifinta. Shekara na zagayowa baƙon ya samu inda ya fi araha, ya tattara ya tafi ko sallama babu. Ƙofofi suka yi ta rufewa a layin. Ta Rosaura ba ta rufe ba, har ta ɗauki wasu daga cikin waɗanda aka sallama.

Don Fidencio da kansa ya je kwalejin, hula a hannu, ya ce a nuna masa wasan. Bai kai azahar ba ya karya kamfani biyu.

"Doña, wannan abin naki ba shi da imani!"

"Kasuwa ce ba ta da shi, Don Fidencio. Ni kwafa kawai na yi."

Ke ce, Doña Herlinda, rumbun da ba a gani sai ranar yunwa. Ke ce kika tattara hawayen waɗanda suka faɗi, kika mai da shi darasi, don kada na baya su faɗa rami ɗaya. Da ritaya ta gabato ma ba ki tafi da saninki a ka ba, sai da kika zaunar da magajiyarki kika bi da ita labari bayan labari, kina nuna mata inda kowane ya samo asali da lokacin da ya kamata a sauya shi.

Mun gode, uwar dukawan León. Ku kuma da ke riƙe da aikin da ba a yi wa tafi, ku dube ta ku ƙara ɗamara. A wannan garin akwai gidaje da yawa da ke ɗora tukunya albarkacin matar nan, alhali ko a hanya suka gamu da ita ba za su gane ta ba.