Firigon Yaya Haula da Ramin Sama

Duk Tahoua ba a yi mai gyaran firigo mai ji da kansa kamar Yunusu ba. Ɗan siriri ne, hannu kullum baƙi da mai, baki kuwa ba ya hutawa. Wata shekara aka kira masu sana'arsu taro a Yamai, aka gaya musu tsohon gas na firigo yana huda rufin da Allah ya yi wa duniya don kare ta daga ƙunar rana, kuma ƙasashen duniya kaf sun sa hannu a daina aiki da shi. Tun daga ranar muka shiga uku. In ka zauna shan shayi a rumfarsa sai ka ji yana cewa su da Japan da Brazil sun yanke shawara, sai ka rantse da shi aka zauna. Haushi yake ba ni, amma ina son shi.

Ana tsakiyar bazara firigon yayarsa Haula ya daina sanyi. Tsoho ne tukuf, marigayi mijinta Malam ya taho da shi daga Abidjan bisa babbar mota, kuma da ƙanƙara da zoɓon da take sayarwa daga cikinsa ta raini 'ya'yanta. Tsohon gas ɗin nan da aka hana shi yake sha. Aghali, wani direba mai zuwa arewa, ya raɗa mata cewa zai iya samo tukunya ɗaya a ɓoye ƙarƙashin tamfol, in dai Yunusu zai ɗura.

Haula ta yafa mayafi ta zo rumfar da kanta.

"Auta, ramin sama wanga, ka gan shi da idonka? Ni dai firigona ni ka gani."

Yunusu ya yi ta share gumi. Wannan matar ce ta goya shi, bai taɓa ce mata a'a ba. Amma ya ce ya yi alkawari gaban mutane a taron Yamai cewa ba zai ƙara ɗura tsohon gas ba, ta yi haƙuri ta bar mishi firigon, ba zai mutu a hannunsa ba.

Ya zuƙe ragowar tsohon gas cikin tukunya a hankali kamar mai tatsar akuya, ya cire injin, ya sa sabo mai shan gas ɗin da aka yarda da shi. Kafin la'asar ƙanƙara ta yi tauri fiye da da. Ya gyara tsayuwa yana jiran yabo.

Haula ta jingina kunnenta jikin firigon, ta daɗe a haka.

"Ya yi sanyi, Allah shi yi ma albarka," in ji ta. "Amma ba kukanai ba ne wanga. Wancan in ya tashi, ji ni kai kamar Malam na munshari ɗaka."

Yunusu ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa, ya daɗe bai ɗago ba.