Bakin Maman Yosiya Ya Shiga Jami'a

Duk Angwan Iya an san Filomina 'yar ƙabilar Eggon, Maman Yosiya, da abu biyu: ƙosai da ɗanɗane. Shekara talatin tana suya a bakin titi, tun mota ɗaya-ɗaya ke wucewa Abuja har suka koma kamar jerin tururuwa. Ba abin da zai taɓa harshenta ba ta tauna ta yanke masa hukunci ba. Ko maganin asibiti sai ta ce ya yi ƙarancin gishiri.

Ran nan Huraira, 'yar maƙwabta mai karatun harsuna a jami'a, ta zo da madubi ɗan mitsitsi da garin gawayi kwaɓe da man gyaɗa a kofi.

"Mama, bakin Eggon na asali nake nema. Zan shafa miki wannan a harshe, ki faɗi kalma ɗaya, ki bar bakin a buɗe. Inda harshe ya taɓa a rufin baki zai yi baƙi, sai in sa madubi in ɗau hoto. Litinin zan kai wa malaminmu."

Filomina ta ji daɗi har wuya. 'Ya'yanta suna Mararaba, Eggon ɗinsu bai wuce gaisuwa ba, ga 'yar Hausawa ta zo nema da madubi! Kafin la'asar ta sanar wa duk matan zumunta a coci cewa bakinta zai shiga jami'a.

Aka shafa. Kafin Huraira ta ce "faɗi", Mama ta tsotse, ta lumshe ido.

"'Yata, man nan ya kwana biyu."

Aka kurkure, aka sake. Ta lashe. "Gawayin ƙirya ne wannan?"

Sau tara! Bakin ya koma kamar gindin tukunya. Huraira ta leƙa kofi, saura shafi ɗaya, ta ce a hankali, "Ko in je Garaku? Akwai wata tsohuwa mai jin Eggon can..."

Filomina ta zaro ido. Garaku? Me za ta gaya wa matan zumunta ran Lahadi?

Ubale tela, mai shago kusa da ita, yana ta dariya har keken ɗinkinsa na rawa. "Maman Yosiya, cinye digirin kike yi tun ba a ba yarinya ba?"

"Rufe min baki, tela mai gajeren wando!"

Ubale ya kira Huraira ya yi mata raɗa. Akwai kalmar da Mama ke korar akuyarsa da ita kullum, da Eggon tsantsa. Huraira ta ce kalmar ma za ta yi mata aikin.

Aka yi shafin ƙarshe. Nan take Ubale ya kwance akuya, ita kuwa ta san hanya, sai tiren ƙosai. Filomina ta manta da ɗanɗano, ta ƙwala kalmar nan, baki ya tsaya a wangale don takaici. Huraira ta zura madubi, ƙyas!

"Ya fito, Mama! Dubi layin, tsaf!"

Akuya dai ta tafi da ƙosai huɗu. Filomina ba ta ko bi ta ba, tana ta kallon hoton a wayar Huraira.

Hoton yana nan manne a jikin rumfarta, an sa masa leda saboda hayaƙi. Baƙo ya tambaya ko kogon dutse ne, sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Bakina ne. Yana jami'a, shafi na arba'in da biyu."